Hannun Da Na Baro A Kumasi

Ni dai a daina yi mini karatun nan na wai tafiya mabuɗin ilimi. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa tsayawa a bayan murhun Bature ba. Na yi tafiya, na dawo da ilimi, kuma ilimin nan shi ya raba ni da tukubar ubana. In kana son ji gyara zama, amma kada ka ce mini in yi haƙuri, don an faɗa mini wannan kalma har ta gundure ni.

Sunana Sallau. Mu rundawa ne na Kusada, fawa muka gada kaka da kakanni. Ubana Audu Mai-Balangu shi ke da babbar tukuba a kasuwarmu, ranar kasuwar Kankia kuma mutane daga Kafin Soli har Yashe sai sun biyo ta wurinsa kafin su kama hanyar gida. Dokarsa ɗaya ce, kuma da ita na tashi. Yakan ce, “Soka wuƙa har ƙashi. In ruwan da ya biyo ta fari ne, sauke. In da ja ko ɗigo guda, mayar. Wanda ya ba baƙo nama da ja a ciki ya zage shi, ya kuma zagi gidan da ya fito.”

A gidanmu ba a ba mutum tukuba don shi ɗa ne. Ranar da tsoho zai sauka, magajinsa zai gasa cinyar bijimin sa sukutum a gaban rundawa, Sarkin Pawa ya yanka da hannunsa. In ta gasu har ƙashi, tsoho ya kwance wuƙarsa daga kugu ya miƙa. Mu biyu ne muka taso a gindin wutar Baba, ni da Ɗan'azumi, ɗan ƙanensa. Ɗan'azumi ba mugu ba ne, amma nama a hannunsa sai ya bushe ya koma kilishi. Kowa ya san ni ake jira.

Sai ga wani Baturen kamfanin sayen fata, wanda muke kira Dogon-Wuya, ya ɗanɗana balanguna a Kankia. Ta bakin tafinta ya ce in bi shi Kano in yi masa gashi, rani guda tak. Kwaɗayin ganin birni ya ja ni. Baba bai hana ba, abin da ya ce kawai, “Rani guda. Ka tahi da hannunka, ka dawo mani da shi yadda na ba ka. Tukuba na jiranka.”

Ban gama gane hanyar kasuwa a Kano ba aka ce an yi wa maigida canji zuwa Ikko. Na ce ni Kano aka ce mini. Tafinta ya yi dariya ya ce ai Ikko nan ce kusa, jirgin ƙasa ne zai kai mu ya dawo da mu. Allah ya isa tsakanina da tafintan nan. Muka yi ta tafiya har gero ya ƙare a gonaki, dawa ta ƙare, itatuwa suka haɗe sama ba ka ganin rana. A Ikko ko kayana ban kwance ba aka ɗora mini akwatin Bature a ka, aka ce in bi shi. Na bi shi har cikin wani gida mai hawa-hawa a bakin ruwa. Sai da gidan ya yi kuka ya motsa na gane jirgi ne.

Ban san teku ba, ban san ana iya raba mutum da ƙasa haka da rana tsaka ba. Na kwanta a dandamalin jirgi tsakanin buhuna ina amai har hanjina ya nemi fitowa. Wani baƙin ma'aikacin jirgi, ban san ƙabilarsa ba, ba ya jin Hausa, ya tsuguna ya yanka lemun tsami ya matsa mini a baki, ya nuna mini in riƙa kallon nesa. Ko sunansa ban sani ba, amma har yau ina sa shi a addu'a. Dogon-Wuya kuwa yana can sama a inuwa, bai leƙo ya ga ko na mutu ba.

Muka sauka Sakunde, wani gari a bakin teku, muka sake hawa jirgin ƙasa zuwa Kumasi. Can na tarar da mutum biyu da suka juya mini rayuwa. Ta farko matar Dogon-Wuya, wadda ta iso daga ƙasarsu, muna ce mata Uwargida. Na biyu Kuku Bawa, tsohon da ke riƙe da kicin ɗin gidan. Ina yin sallama ya saki ludayi ya ce, “Kai, wannan bakin na ina ne?” Na ce Kusada. Ya kama ni ya rungume, hawaye na zuba, ya ce shi mutumin Yashe ne, ya biyo soja tun yana saurayi bai koma ba. Ya yi ta tambayata ko tsamiyar bakin rafi na nan, ko har yanzu ana dambe bayan kaka. Ranar na ci tuwon masara da shi, na ji kamar na rage nisa.

A gidan Bature ranar Lahadi ranar nama ce. Suna kiransa rosbif: ƙatuwar gunduwar naman gadon bayan sa, a sa a cikin murhun ƙarfe mai ƙofa, a rufe. Lahadin farko zazzaɓi ya kwantar da Kuku Bawa, aiki ya faɗo kaina. Na ce yau za su san ɗan wa suka ɗauko. Na je Zango, unguwar mutanenmu, wurin mahautan Hausawa na zaɓi nama da kaina. Na hura wuta, na lallaɓa shi, na juya, na shafa mai, na soka wuƙa na ga ja na mayar, na sake sokawa na mayar, har ruwa ya fito fari tas. Ƙamshi ya cika gida. Da Baba ya ga naman nan da ya sa mini albarka.

Aka kai tebur, ina laɓe a bakin ƙofa ina jiran yabo. Dogon-Wuya ya yanka. Uwargida ta duba, ta ajiye cokali, ta ƙwala ihu kamar an nuna mata maciji. Aka kira ni. Da 'yar Hausarsa ta kasuwar fata maigida ya ɗaga yanka guda a kan cokali mai yatsu ya ce, “Wannan nama? Wannan takalmi!” Uwargida ta ɗauki farantin gaba ɗaya ta fita baranda, ta kira karensu, ta juye masa a ƙasa. Ina tsaye kare ya cinye gashin gidan Audu Mai-Balangu. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Na je wurin Kuku Bawa. Na ce, “Baba Bawa, me na yi? Ko gishiri ne ya yi yawa?”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Ka gasa shi, shi ne laifinka. Su da ja suke ci.”

“Da ja? Ɗanye?”

“Kada ka ce ɗanye a gabansu. Waje ya soyu, ciki ya yi ɗumi, tsakiya ja. In ka yanka ruwa ya kwanta a faranti, to ranar za ka ga haƙoran Uwargida.”

Na ce a'uzubillahi, mutanen da suka ƙera jirgin ruwa ba su iya jiran nama ya gasu ba? Ya ce in rufe bakina in buɗe idona, don teku na tsakanina da Kusada, kuma ba ni da wanda zai mayar da ni sai wanda ya kawo ni.

Daga nan aka shiga karya ni. Uwargida da kanta take shigowa kicin. Tana da wani tsinke mai gilashi da zane-zane, ta tsira shi a tsakiyar nama, jan zare ya riƙa hawa a ciki. Ta nuna mini zane uku. Na ƙasa na maigida ne, ja jawur, naman da in ka matsa kunne za ka ji sa na kuka. Na tsakiya nata ne da baƙinta, ja-ja mai ruwa. Na sama kuwa, inda nama ya fara zama abincin ɗan Adam, ta buga shi da farce ta girgiza kai. In zare ya kai nan, kare ya samu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wuƙa. Duk lokacin da na ɗauko ta zan soka, yadda aka koya mini tun ina ɗan mitsitsi, sai in ji ludayin ƙarfe a bayan hannuna, ƙwas! Wai in na huda ruwan zai tsere. To ita da tsinkenta ba huda take yi ba? Nata huda ilimi ne, nawa jahilci. Na sha ludayin nan har gaɓoɓin yatsuna suka yi kanta. A hankali hannuna ya koyi tsoro. Ko ba ta nan, in na kai hannu ga wuƙa sai ya janye da kansa.

Wata rana tsinken ya faɗi ya fashe, aka ce sai jirgi ya kawo wani. Kuku Bawa ya ce ba komai, shi dama bai taɓa dogara da shi ba. Ya kama babban yatsana ya danna a kuncina. “Ka ji laushin nan? Na maigida ke nan.” Ya danna a haɓata. “Wannan na Uwargida.” Ya danna a goshina. “Wannan na Kusada, kuma na kare.” Ya koya mini a fara da wuta mai ƙarfi har bayan nama ya yi ɓawo, sannan a janye itace a bar ta ta yi sanyi-sanyi. Ya koya mini a sauke tun bai kai inda ake so ba, a rufe shi da kwano a bar shi ya huta, don zafin da ya shiga cikinsa yana ci gaba da aiki ko an raba shi da wuta. Wannan kam gaskiya ce, ban taɓa musunta ba. Har da haushin da nake ji, na san tsohon nan ya san wuta.

Ranar da na fara dacewa da haɓa, Uwargida ta kira ni tebur ta yanko mini, ta ce in ci a gabanta. Na ce na ƙoshi. Ta ce kuku da ba ya cin abin da ya dafa ba kuku ba ne. Maigida ya zuba mini ido. Na sa a baki, na haɗiye ban tauna ba, na fita bayan kicin na amayar. Da Juma'a na je wurin wani malami a Zango na ce ya gaya mini ko na ci haram. Ya tambaye ni wa ya yanka. Na ce Musulmi ne, a gabana. Ya ce, “To jinin da aka hana ya zuba a mayanka. Wannan ruwan nama ne. Ba ka yi saɓo ba, ɗana, ƙyama ce kawai, ita kuwa ƙyama ba ta cikin littafi.” Ya ba ni goro. Hankalina ya kwanta ta wajen Allah, amma ta wajen Baba bai kwanta ba.

Rani guda ya zama shekaru. Duk lokacin da na ce gida, sai Dogon-Wuya ya ce bayan damina, in damina ta wuce ya ce bayan Kirsimati. Sunana ya zaga gidajen Turawan Kumasi, har aro na ake yi in za a yi biki, kamar tukunya. Ba na ko duban agogo. In danna yatsa sau ɗaya in ce a sauke, a yanka a ga yadda suke so daga baki har baki.

Wata Juma'a na sayo tsire a Zango na kawo wa Kuku Bawa don ya tuna gida. Ya ɗan tauna ya ajiye, ya ce ya bushe. Na ce, “Baba Bawa, tsire ne fa, na mutanenmu.” Ya ture tsiren gefe, sannan ya ce, “Sallau, hannu ba ya riƙe wuta biyu, baki ma haka. Ka ga dalilin da ya sa ban koma Yashe ba? In na koma me zan dafa musu? In kana da abin da ke jiranka a gida, tashi tun hannunka bai manta ba.” Na yi masa dariya, na ce ni barunje ne ɗan barunje, abin da ke cikin jini ludayi ba ya fitar da shi.

Ba a daɗe ba wasu fatake masu shanu suka sauka Zango, a cikinsu akwai mutumin Kafin Soli da ya san gidanmu. Ya ce, “Kai ne Sallau na Audu? Kana nan kana dafa wa kafirai, ubanka ido ya tafi? Da lalube yake juya nama. Rundawa sun matsa ya sauka, ya ce sai ka dawo. Sarkin Pawa ya ba shi zuwa bayan Babbar Salla, in ba ka zo ba Ɗan'azumi zai gasa cinya.”

Na je na durƙusa gaban Dogon-Wuya, abin da ban taɓa yi ba. Na gaya masa ubana ya makance. Ya ce ayya, ya ce wannan karon da gaske ne, in yi musu naman Kirsimati, shi ma zai tafi hutu ƙasarsu, sai ya sauke ni a Ikko ya sa ni a jirgin Kano. Na yarda, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ranar bikin na yi gashin da ban taɓa yin irinsa ba. Turawa cike da tebur, aka yanka, suka yi tafi. Aka kira ni, wani jibgegen Bature mai aikin katako ya dafa kafaɗata yana magana, kowa na dariya, ni ma na washe baki kamar wawa. Da na koma kicin na ga Kuku Bawa ya sunkuyar da kai. Shi yana jin Turanci. Na ce me suka ce? Ya ce, “Maigida ya ba da kai. In ya tafi hutu za ka koma gidan mai katako, can cikin kurmi. Ya ce kuku irinka ba a barinsa ya koma daji ya lalace.”

Ya ba da ni! Kamar akuya, kamar tabarma. Shekarun nan duka ina tsammanin ni mutum ne a gidan, ashe sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Na dubi wuƙar yanka nama a kan tebur, na dubi ƙofar falo, Allah ya taimake ni Kuku Bawa ya riga ni ɗauke ta. Ya ce, “Ba wannan ba. Fataken nan gobe za su juya da goro. Ƙafa ta kawo su, ƙafa za ta kai ka.” Ya shiga ɗakinsa ya fito da bargonsa na soja da takalman fata ya ba ni. Ya ce in na bi ta Yashe in gai da tsamiya. Ban yi wa kowa sallama a gidan ba sai shi.

Hanyar ƙasa ba wasa ba ce. Na zama ɗan dako, kwandon goro a ka, muka bi ta Salaga, muka bi ta Yandi, muka shiga ƙasar Faransa inda 'yan sandansu suka kwance mana kaya suka zaɓi abin da suke so. Ƙafafuna suka fashe, takalman Kuku Bawa suka cinye. A wani ƙauyen Gurmawa zazzaɓi ya kayar da ni, ayari ya wuce ya bar ni, wata tsohuwa da ba mu jin maganar juna ta riƙa ɗura mini kunu har na tashi na bi wani ayarin. Duk wannan bai dame ni ba kamar lissafin wata. Kullum in dubi sama in ce Salla ta matso. A bakin kogin Kwara na yi Babbar Salla, ina jiran kwalekwale, ina kuka kamar yaro. Daga Jega na samu motar gyaɗa, daga Gusau na sake komawa ƙafa.

Na shiga Kusada da hantsi, ana saura kwana kaɗan a yi gashin cinyar. Baba na zaune a zaure. Na yi sallama, ya ɗaga kai wajen da ba nan nake ba. Ya rame, bakinsa ya shige ciki, babu haƙori ko ɗaya. Ya ce in matso. Bai taɓa fuskata ba, hannuna ya kama, ya shafa tafin, ya shafa baya, ya tsaya a kan kantar yatsuna. Ya ce, “Wannan fa?” Na ce aiki ne, Baba. Ya ce, “Rani guda ya yi tsawo.”

Ranar kasuwa aka kawo cinyar sa. Rundawa suka kewaye tukuba, Sarkin Pawa a kan buzu, Baba a gefensa da wuƙa a kugu, Ɗan'azumi a tsaye a baya ya harɗe hannu. Mutane sun taru fiye da kullum, kowa na son ganin wanda ya gasa wa Turawa. Ana ta yi mini kirari, ana cewa na Audu ya dawo. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Na hura wuta mai ƙarfi, bayan cinya ya yi ɓawo ja-baƙi yana ƙyalli, aka yi ta sha'awa. Na janye garwashi, na bar ta tana shan zafi a hankali. Ina juyawa ina amsa gaisuwa, wannan ya ce yaya teku, wancan ya ce da gaske Turawa na cin kwaɗo. Can na kai yatsa na danna. Yatsa ya ce ya yi. Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Wuƙa na nan kusa da gwiwata, hannuna bai ko nufe ta ba. Na sauke cinya a kan faifai, na kifa mata ƙwarya. Wani tsoho ya ce, “Yau ga sabon salo, nama da lulluɓi kamar amarya.” Aka yi dariya, ni ma na yi.

Sarkin Pawa ya yi bisimilla ya buɗe, ya sa wuƙa ya zarce har ƙashi, ya buɗa. Tsakiyar cinya ja-ja, ruwa ya gangaro ya kwanta a faifai. Da a teburin Kumasi ne da an yi tafi. Haɓa ce daidai, ba ƙari ba ragi, irin wadda Uwargida ke so. Wata mata ta ce tir ta ja ɗanta. Wani ya tofar da yawu. Na ji wani daga baya yana cewa, “Ashe abin da ya koyo ke nan, ciyar da mutane jini.”

Na buɗe baki in ce ba jini ba ne, malami ya gaya mini, in ce a ba ni dama in mayar wuta. Wa zai saurare ni? Ba a yanka cinya sau biyu.

Baba ya ce, “Me aka gani? Ku gaya mani, me aka gani?”

Sarkin Pawa ya yanko daga tsakiya ya sa masa a hannu, ya ce, “Audu, kai ne mai ita. Duba da kanka.” Baba ya murza yankan da yatsa, ya shinshina, ya sa a baki. Ya daɗe yana mamula. Ina kallon maƙogwaronsa har ya haɗiye. Sannan ya ce, da murya da kowa ya ji, “Ɗanye ne.” Ya kwance wuƙa daga kugunsa, ya ce, “Ɗan'azumi, matso.”

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na san karin maganar tun ina yaro, ban san da ni take ba. Na koma gida na shige ɗaki, ina tsine wa Dogon-Wuya da matarsa da ludayinta da tafinta da jirgin ruwa. Sun ɗauke ni da hannun ubana, sun dawo da ni da nasu, ko dawowar ma ni na dawo da kaina.

Bayan la'asar aka ce Baba na kira. Na same shi a bayan ɗakinsa, shi kaɗai a kan tabarma. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ya ce in duba ko akwai kowa kusa. Na ce babu.

Ya ce, “Sallau, tun da haƙorana suka zube, nama bai wuce mani maƙogwaro ba. Ni da na tsufa a gindin tukuba, sai dai in tsotsa in tofar. Na yau ya wuce.” Ya lashi leɓe. “Ranar Juma'a ka samo gadon baya ka yi mani irinsa. Nan bayan ɗaki. Ka sa a rufe ƙyaure.”

Na ce, “Baba, in haka ne, wuƙar fa?”

Ya ce, “Wuƙa ta kasuwa ce, kasuwa kuwa ta ga ja.”

Haka na yi ta yi masa duk Juma'a, a bayan ɗaki, ƙyaure a rufe, hayaƙin tukubar Ɗan'azumi na tasowa daga kasuwa ina gani ta saman danga. Yakan cinye tas ya suɗe yatsu, ya ce Allah ya yi mini albarka a hankali, yadda ko kaji ba za su ji ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa gaya wa mutum ɗaya a Kusada cewa ɗansa ya iya gashi ba.